Kafin a zaɓi uwar garke, a san wanda zai riƙe ta

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Sana'ata haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafi a nan Maraɗi: buhu nawa ya shiga magaza, nawa ya fita, wa ake bi bashi. Makon jiya na zauna da wasu ɗalibai suna musu har da ta da jijiyar wuya a kan wace uwar garke ta fi, wato tsarin da ke tafiyar da manhaja yana amsa buƙatun masu shiga ta. Wannan ya ce Node.js, wancan ya rantse da Tomcat, wani ya ce PHP kayan yara ne. Ban tanka ba a wurin, shi ya sa na rubuto.

Uwar garken manhaja yaron shago ce. Mai buƙata ya zo ta intanet, ita za ta shiga rumbun bayanai ta ɗauko, ta miƙa masa.

Bara wani Alhaji mai sayar da aya da wake ya aiko a kira ni. Wani yaro mai hazaƙa ya gina masa manhaja da harshen kwamfuta na Java, ya ɗora a kan uwar garken WildFly, wadda a da ake kira JBoss. Aikin ya yi kyau, ban kushe ba. Sai yaron ya samu aiki a Yamai. Ran nan wuta ta ɗauke, da ta dawo kwamfutar ta tashi, manhajar ba ta tashi ba. Kwana uku ana lissafi a littafi, Alhaji yana ta faɗa. Laifin ba na WildFly ba ne, ba a saita ta ta riƙa tashi da kanta ba, kuma babu wanda ya san inda zai taɓa. Ga ƙwaƙwalwar na'urar giga 2 kacal, Java ta cinye yawanci. Mutum bakwai ne fa ke shiga manhajar nan!

Abin da ɗalibanmu ba su cika dubawa ba shi ne, jinkirin manhaja ya fi zuwa daga rumbun bayanai, irin su PostgreSQL da MySQL. PostgreSQL idan ba a canja saitinta ba, ƙofa 100, wato hanyoyin shiga rumbun, take buɗewa a lokaci guda, MySQL kuma 151, alhali Tomcat tana iya sauraron buƙata 200 tare. In kowace buƙata ta buɗe ƙofarta, cunkoso ne. Maganin a ajiye 'yan ƙofofi a buɗe ana karɓa-karɓa, aikin da wata 'yar manhaja mai suna PgBouncer ke yi wa PostgreSQL ke nan. A manhajar Alhaji ma, shafin masu bashi da ke ɗaukar dogon lokaci, fihirisa, wato jerin da ke sauƙaƙa nemo bayani, ce ba a sa wa teburin bayanan ba. Layi ɗaya na rubuta, magana ta ƙare.

Mai cewa PHP ta yara ce, ya sani tun 1995 take aiki, kuma Wikipedia duka, har da ta Hausa, a kan PHP da rumbun bayanai na MariaDB take tafiya. Node.js, wadda ta fito a 2009, na yarda da ita inda mutane da yawa ke zaune a layi suna aika saƙo. WebLogic da WebSphere kuwa na manyan ma'aikatu ne masu kuɗin lasisi da ma'aikatan da ke kwana a kansu.

Daga baya na sake wa Alhaji ginin da PHP, uwar garken Nginx da MariaDB. Dalilina ɗaya: na san mutum uku a garin nan da za su iya gyara shi in na yi tafiya, ko in ta Allah ta kasance. Na rubuta yadda ake tayar da shi a takarda biyu da Faransanci da Hausa, suna cikin aljihun teburinsa. Kowace Alhamis da la'asar ɗansa yana kwafe bayanan a filashi ya kai gida, ni kuma duk farkon wata nakan biya in gwada ko kwafin yana buɗewa.

Na gode da ba ni fili.

Wani mai haɗa manhaja,
Unguwar Zariya, Maraɗi