Waƙar tasa ce, yatsan naka ne

Damagaram, daren Alhamis

Mutumina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da uwargida da yara, kasuwa kuma tana ja. Nan kowa lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa, ƙura ta rufe duwatsun Birni har ba a hango su daga Zango. Ruwan famfo kuwa ka san halinsa, sai tsakar dare yake zuwa in ya ga dama. Gadin jarkoki ma nake yi yanzu, shi ya ba ni sararin rubuta maka wannan.

Saƙon muryarka mai minti tara na saurare shi har sau biyu. Ka ce mawaƙa da 'yan fim da 'yan TikTok su suka lalata wa mutane tunani a kan siyasa, da za a toshe musu baki da ƙasa ta huta. Rabin maganar na karɓa. Ɗaya rabin kuwa ban saya ba, kuma abin da ya faru a gidanmu watan jiya ne ya sa.

Ka tuna ɗan yayata, wanda kake ɗorawa a wuya in mun je filin kokowa? Yanzu ƙato ne, kabu-kabu yake yi. Akwai wani mutum da yake bi a TikTok, yana zaune can ƙasar waje, kullum dare sai ya buɗe waya ya yi awa biyu yana zuba. Duk abin da ya faɗa da dare, da safe yaron nan zai kawo shi fada, da irin muryar, har da yadda mutumin yake kaɗa yatsa. Ran sunan ƙanwarsa muna zaune ana cin waina, kawunsa babba ya yi ƙorafin tsadar shinkafa kawai, sai yaron ya miƙe ya ce irinsu ne maciya amanar ƙasa. A gaban baƙi! Dattijon bai ce uffan ba, ya nemi takalmansa ya tafi. Ko sati uku ba a yi ba, gwanin nasa ya juya riga, ya koma yabon waɗanda yake zagi jiya. Yaron ya zo min rai a ɓace, wai an yaudare su. Na ce masa, "To ji nan. Wa ya zagi kawunka, shi ko kai?" Ya sunkuyar da kai yana ta murza makullin babur. Can ya ce, "Ai shi ya sa mu." Na ce, "Ranar da ya ce ku sayi wani maganin basir da yake talla, ka saya?" Ya ce a'a, ai ba shi da tabbacin ingancinsa. Ka ji fa. Jaka biyu ya tsaya ya yi wa bincike, amma mutuncin kawunsa ya bayar kyauta.

Ina cikin yi masa faɗa sai kunya ta kama ni, don na tuna mu. A 1993 ni da kai muna samari, ranar da Mahamane Ousmane ya ci zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a kan Tandja, wa ya kai mu ihu a bayan mota daga Kasuwar Dole har ƙofar fadar Sarki? Tsakani da Allah, da wani ya tsayar da ni a lokacin ya ce in faɗi abu uku da jam'iyyarsa ta CDS-Rahama ta yi alkawari, da sai dai in rera masa waƙa. Ɗan gida ne, kalangu na da daɗi, 'yan mata sun yi anko, shi ke nan. Ba ina cewa zaɓin kuskure ne ba, wataƙila da na zauna na yi nazari shi ɗin dai zan zaɓa. Abin da ke damuna shi ne ban yi nazarin ba. Da aka yi juyin mulki a Janairun 1996, muka zauna a fada muna ta neman wanda za mu ɗora wa laifi, babu wanda ya ce ko mun san abin da muka goya wa baya tun farko. Kuma lokacin babu TikTok, kaset ne da rediyo.

Mu 'yan Damagaram bai kamata a koya mana wannan ba, tunda cikin maroƙa muka tashi. Tun zamanin Sarki Tanimu akwai makaɗan fada, akwai sanƙira, akwai zabiya. Maroƙi zai ce maka giwa, ya ce maka hadari sa gabanka inda kake so, ka ba shi riga. Gobe ya tsaya ƙofar maƙwabcinka ya faɗa masa iri ɗaya. Kakanninmu ba su taɓa jin haushinsa ba, ba su kuma taɓa zuwa wurinsa neman shawarar wanda za su ba auren 'yarsu ba. Sun san sana'arsa, sun ajiye shi inda ya dace. Mu ne muka ɗauki maroƙi muka ɗora shi a kan buzun malami, sannan muke kukan ya ba mu fatawar banza.

Dubi maƙwabtanmu na Nijeriya. Rarara ya yi shekaru yana wa Buhari waƙa tun zaɓen 2015, har nan garin yara sun haddace, alhali ko katin zaɓen can ba su da shi. Bayan Buhari ya sauka a 2023, shi da bakinsa ya fito ya soki mulkin. Mutane suka yi ta tsine masa, wai ya kai su ya baro. Ni dariya abin ya ba ni. Shi dai ya yi aikinsa ya wuce gaba. Wanda ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya fito da tawada a yatsa, shi ne ba shi da wurin gudu.

Kuma kada ka ɗauka suna da ƙarfin da kake ba su. A Amurka, mawaƙiya Taylor Swift, wadda masoyanta sun fi mutanen Nijar yawa nesa ba kusa ba, ta fito a Satumban 2024 ta ce Kamala Harris za ta zaɓa. Trump ne ya ci. A Laberiya George Weah, gwarzon ƙwallon duniya na 1995, ya hau mulki a 2018 da farin jinin ƙafarsa, amma a 2023 mutanen da suka ɗaga shi suka sauke shi, ya kuma karɓi kaye ya taya abokin takararsa Boakai murna. Ashe mai tafi yana iya naɗe hannu in ya so.

Yanzu ga rabin da na ba ka. Wanda Allah ya ba murya da mabiya dubbai yana da nasa kason, musamman wanda aka biya ya ɓoye, yana rantsuwa cewa kishin ƙasa ne ya sa shi magana. Ka san abin da ya biyo bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasarmu na 21 ga Fabrairun 2021, tarzoma a Yamai, aka yanke intanet ɗin salula kusan kwana goma. Cikin masu hura wutar ta waya, nawa ne ƙafarsu ta taka titi? 'Ya'yan talakawa ne suka sha hayaƙi. Haka kuma ba zan sa kaina a ma'auni ɗaya da tsohuwar da aka miƙa wa turmin atamfa da sabulu a miti ba, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba kuma ta kwana da yunwa. Ita tana da uzurin da ni da kai ba mu da shi. Mu mun yi karatu, muna da rediyo, muna da waya, lalaci ne kawai yake sa mu ari kan wani.

Toshe baki da kake so kuwa, wa zai riƙe makullin? Yau a rufe wanda ka tsana, gobe a rufe wanda kake saurare. Tun da aka rusa jam'iyyu a Maris ɗin 2025 babu miti babu kalangun yaƙin zaɓe, amma ɗabi'ar tana nan, ta koma cikin WhatsApp ne kawai. Yatsan da yake dangwala tawada da, shi yake danna turawa yanzu. Limaminmu ya taɓo wannan ran Juma'a, ya kawo ayar nan ta cikin Ahzab inda mutane suke cewa sun bi shugabanninsu da manyansu ne suka ɓatar da su, kuma hakan bai fisshe su ba. Na waiga ina neman ɗan yayata a sahu, ashe yana can waje yana jiran fasinja.

Kai ma fa ban ƙyale ka ba. Bidiyon da ka turo min ran Talata, na mutumin nan mai jan hula da yake rantsuwa a kan abin da zai faru kafin azumi, ka san ko wane ne shi? Na tambaye ka a ina ka samo, ka ce min "ai kowa na turawa". Ka ga kai da yaron kabu-kabu layinku ɗaya, furfura ce kawai ta raba ku.

Jibi in Allah ya kai mu zan ja shi mu je gidan kawun nasa. Ya ce zai je, amma wai in fara yin magana shi ya biyo baya. Na ce a'a, ranar zagin ba ni na fara masa ba. Zan tsaya a zaure. Ko zai shiga ko ba zai shiga ba, zan ba ka labari.

Alkakin da ka ce a aiko, uwargida ta sa a yi, sai mun sami mai tahowa wajenku. Takalman fatar ma badukun ya ce sati mai zuwa, ka dai san sati mai zuwan baduku. Ka gaida mutanen gida duka, ka shafa min kan auta. Ga famfo ya fara tari, bari in tashi kafin ya canza shawara.

Naka,
abokin shan shayinka na gindin bedi