Zuwa ga Yaya: kada a taɓa gonar fadama

Oulu, ƙasar Finlan
19 ga Janairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun wuni lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ni ina nan lafiya ƙalau, sai ɗan sanyi, shi ma da sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin in na kira wayar yawo take yi hannu-hannu, a yi ta gaishe-gaishe har data ta ƙare ba a taɓo abin da ya sa na kira ba. Kuma ka san Inna, ko sallama na yi tana gane ko raina a ɓace yake. Ka fara karantawa kai kaɗai. Abin da ya dace ta ji ka faɗa mata, sauran ya tsaya tsakaninmu.

Maganar kuɗi tukuna, kada in manta. Jiya na ba mutumin nan da muka saba Yuro 350, ya ce kafin Laraba za ka ga alat, a kan canjin ranar. Yuro 100 na Inna ne, magani da awon sukari, kuma a kai ta asibiti a auna, kada a tsaya kemis. Yuro 70 kuɗin makarantar yaran marigayiya. Ragowar 180 na noman rani ne: a gyara injin ban-ruwa, a sayi iri da taki da mai. Kada ka damƙa wa Auta ko sisi a hannu. Ka tafi da shi kasuwa, shi ya zaɓa, kai ka biya.

To, shekaranjiya Gwaggo ta turo min saƙon murya, minti shida tana kuka. Wai tun da ruwa ya cinye shinkafar bana Auta bai sake taka fadama ba, kullum yana majalisar bakin tasha, kuma har ya kai wani dillali ya zagaya gonar Baba. Wai rabonsa yake so a fitar masa ya bi ta Agadas. Gaskiya ne, Yaya? In gaskiya ne, me ya sa sai daga bakin Gwaggo zan ji? Sau uku muka yi magana da kai a watan nan, kullum sai ka ce komai lafiya.

Ban yi barci ba daren nan. Ko da yake dama ba na yi, don ƙarfe 1 na dare nake fita.

Na san ina da hannu a ciki. Hotunan da nake sawa a Facebook yana gani. Ka gaya masa rigar sanyin nan ja da ya ce in aje masa, gwanjo ce, a shagon kayan da aka yi amfani da su na saye ta. Motar da na jingina da ita ta maƙwabcina ce. Ni keke gare ni, mai taya da ƙusoshi don kada ya zame a kan ƙanƙara, da shi nake rabon jarida gida-gida har asuba, in dawo in yi salla, in ɗan runtsa, in tafi gidan tsofaffi inda nake koyon aikin jinya. Ba ƙorafi nake yi ba, alhamdu lillahi, akwai waɗanda ko wannan ba su samu ba. Kuma ni da takarda na shigo, ta jirgi. Wanda ya biyo hamada da teku, in ma Allah ya sa ya iso, nasa lissafin daban ne.

Akwai abin da nake so ka karanta masa da bakinka, in ya yarda ya zauna.

Mutanen nan suna da wata kalma, sisu. Da na zo na ɗauka sunan kamfani ne, don na gan ta a goshin manyan motoci, na kuma gan ta a jikin kwalin wata alewa baƙa mai ɗaci-ɗaci da suke tsotsa. Wani tsoho a wurin aikinmu ne ya warware min. Ya haura shekara 90, ni nake taya shi sa safa da safe, shi kuma yana gyara min yarensu, yana dariyar yadda nake jan wasula. Ya ce asalin kalmar daga “ciki” ta fito, kayan cikin mutum. Na ce masa ai mu ma muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da na fassara masa da guntun yaren da na iya, ya daɗe yana kaɗa kai.

Na fara ce masa haƙuri ke nan. Da na yi masa bayanin haƙuri sai ya ce a'a, wannan na zaune ne. Na ce to jarumta. Ya ce jarumi yana da sauran ƙarfi. Sisu sai ƙarfi ya ƙare take farawa, lokacin da ka duba ka ga babu saura, kuma aikin bai ƙare ba, ka miƙe ka ci gaba ba tare da ka tara jama'a su gani ba. Ni dai abin da ya fi kusa da ita a bakinmu shi ne a ce mutum ya yi ta maza, sai dai a nan mata sun fi mazan yin ta, kuma ba ta rana ɗaya ba ce.

Shi wannan tsoho a Kareliya aka haife shi, yankin da yanzu yake hannun Rasha. Ranar 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka wa ƙasar nan, alhali duk mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Kowa ya ɗauka mako biyu za a gama. Sai da aka yi kwana 105, cikin sanyin da wani lokaci yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, sojojinsu sanye da fararen kaya suna sulalawa cikin daji a kan katakon tafiya bisa ƙanƙara. Kuma ka ji inda abin ya ba ni mamaki, Yaya: ba su ci yaƙin ba. A watan Maris 1940 suka sa hannu, aka yanke musu kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarsu, mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu da gonakinsu. Tsohon nan yana cikinsu, yana yaro, a bayan keken doki, uwarsa tana jan saniya. Abin da suka tsira da shi kawai, ƙasar ba ta koma hannun kowa ba. Wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka ɗora musu diyya mai nauyi, su biya Sobiyet da jiragen ruwa da injina. Suka kafa masana'antu suka yi ta biya har 1952, shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Helsinki.

Na tambaye shi, da aka ba babansa sabon fili me ya fara yi? Ya ce duwatsu ya fara tonewa. Shekara biyu yana tone duwatsu da kututture kafin ya ga abin kirki.

Auta damina ɗaya ruwa ya ci masa. Ɗaya! Gonar tana nan, ba wanda ya ja mata iyaka ya ce ta koma wata ƙasa. Ruwan da ya ci shinkafar ma ya bar masa laka mai kyau, kai ka fi ni sani. Baba sau nawa Kogin Haɗeja ya shafe masa fadamar nan? Ka tuna shekarar da muka yi ta tsamo dammunan da suka ruɓe, yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, da ya fito bai ce komai ba sai “a je a duba injin”? Bai taɓa jin sunan Finlan ba, Allah ya jiƙansa.

Astagfirullah, na san da sauƙi a faɗa daga nesa. Ni da ban tsaya a kan gawarsa ba, wane baki gare ni? Ku kuka ɗauke shi, ku kuka zauna kwana bakwai kuna karɓar gaisuwa, ni ina nan ina kallon waya. Wannan abu yana nan a maƙogwarona har yau. In Auta ya ce min “kai ai gudu ka yi”, ban san amsar da zan ba shi ba. Amma duk da haka kada a sayar da gonar.

Ka san yana son wasanni, to ka ba shi wannan. A Olamfik na 1972 a Munich ta Jamus, wani ɗan sandan ƙasar nan, Lasse Virén, ya faɗi ƙasa warwas ana tsakiyar tseren mita 10,000. Ya tashi, ya kamo su, ya wuce su, ya ci zinare, har ya kafa sabon tarihin duniya a tseren. Hoton yana intanet, ya nema ya gani, tunda data ba ta yi masa wuya.

Kada ka ɗauka na zama ɗan Finlan, ko ina fifita su a kanmu. Abin nasu yana da inda ya yi yawa. Akwai tsofaffin da sisu ta zame musu taurin kai: mutum ya faɗi a banɗaki ya kwana a ƙasa, ƙararrawar kiran taimako tana ɗaure a hannunsa, ya ƙi dannawa wai kada ya dami mutane. Wasu ba sa faɗin damuwarsu ga kowa, sai kwalba. Su da kansu suna faɗa. Wata malamarmu ta ce mana wanda ya cije shi kaɗai har ya karye, ba a yaba masa, kuma a aikinmu in ka ga nauyi ya fi ƙarfinka dole ka kira na kusa. Kullum ana cewa su ne suka fi kowa jin daɗi a duniya, tun 2018 suke zuwa na ɗaya a wannan lissafi, amma akwai tsohuwar da wata huɗu ina wurin ban ga wanda ya leƙo ta ba. A nan na gode wa Allah da irin namu. Shi ya sa ban ce ka ƙyale Auta ya yi ta maza shi kaɗai ba. Ka je da shi fadamar ranar farko. Ka sa Kawu ya yi masa magana, yana jin nauyinsa. Kada a yi masa taron dangi a kunyata shi, zuciya gare shi, sai ya tafi don haushi.

Ni ma sanyin farko na kusa tattara kayana. A Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen 10 da rabi, ƙarfe 2 ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Wata rana da dare sarƙar keken ta tsinke, saura gida wajen 60 ban kai ba, yatsuna sun daina ji. Na tsaya a gindin wata fitila, ban san lokacin da hawaye ya zo ba, har ya daskare a gashin idona. Sai na tuna ranar Juma'a ce za a sayi maganin Inna. Na tura keken da ƙafa na gama. Wannan kada ka karanta mata. Ba wani abu ba ne ma, yanzu na saba, na sayi safar hannu mai kyau, ina shan ƙwayar bitamin D kamar yadda kowa yake sha a nan saboda rashin rana. Yara 'yan firamare ma a keke suke zuwa makaranta cikin wannan ƙanƙara, jarirai kuwa a waje ake shimfiɗe su cikin kekensu su yi barci. Abokan aikina suna ta ja na in shiga ramin da suke fasawa a kan kogi, su tsunduma cikin ruwan ƙanƙara bayan sun fito daga ɗakin zafin nan nasu, sauna. Na ce musu sisu ɗina bai kai nan ba.

Tsohon ya ce min kakanninsa a yunwar 1866 zuwa 1868 ɓawon itace suke niƙawa su haɗa da gari su yi burodi. Na tuna labarin da Inna take ba mu na cin tafasa da dusa. Ka ce mata na ce ashe Turawa ma sun sha gumba da hannu biyu, za ta yi dariya.

In Allah ya yarda a watan Mayu zan zauna jarrabawar yaren, in na ci kuma na gama karatun, zan bar rabon jarida, abin da nake turowa zai ɗan ƙaru. Ka gaya wa Auta in ya yi noman ranin nan har ya girbe, ko buhu nawa ya samu, ni zan cika masa ya sayi injin nasa na kansa. Alkawari ne. Amma in ya sake kai dillali gonar nan, ko ya ɗauki hanyar Agadas, kada ya neme ni, kuma na ɗora maka nauyin takardun gonar, ka ɗauke su daga akwatin Inna ka kai gidanka yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ina maimaitawa: 100 Inna, 70 makaranta, 180 fadama, kuma ba a hannunsa ba. Ka turo min hoton rasit na asibiti da na injin. Ba don ban yarda da kai ba, Yaya, ka yi haƙuri, hankalina ne yake kwanciya in na gani.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu da Gwaggo, kuma kada ka yi mata faɗa don ta gaya min. Ka gaida matarka da yara. Akwai wani ɗan Gumel da zai taso daga Kano ƙarshen Fabrairu zuwa Helsinki, zan turo maka lambarsa. A haɗa min kuka da daddawa da yaji, a ɗaure daddawar cikin leda uku, wancan karon duk ta bi masa kaya.

Naka,
ƙaninka