Rahoton Ayyukan Shekara: Hidimarmu Tsakanin Yaran da Yaƙi Ya Ɗaiɗaita

'Yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Bari mu fara da gidan marayu, tunda shi za a fi tambayarmu. A taron bara an amince a tara baiko don gina shi a yankin da ma'aikatanmu ke hidima. Har yau ba a aza tubali ko ɗaya ba. Kwamiti ne ya dakatar da aikin, kuma da gangan.

Ga yadda aka yi. Da ma'aikatan suka zauna rubuta sunayen yaran da ake kira marayu, suna tambayar kowane yaro sunan ƙauyensu da na kakanninsa, sai ta bayyana cewa da yawansu gudu ne kawai ya raba su da iyaye. Wani uwarsa na nan da rai a sansanin 'yan gudun hijira, wani kuma baffansa ya gaji da cigiya har ya fid da rai. Mun bi ta hanyar Red Cross, wadda neman dangin da suka ɓace tsohon aikinta ne, ga kuma fastoci da ke karanta sunaye a majami'u ranar Lahadi. Mai bishara da ya raka wata yarinya wurin kakarta ya ce tsohuwar ba ta iya magana ba, sai shafa fuskar jikarta take yi.

Wasu sun riga mu koyon wannan darasi da tsada. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989 duniya ta ga halin da yara ke ciki a gidajen marayun ƙasar, kuma binciken da aka yi a Bukarest, babban birnin ƙasar, daga baya ya nuna cewa yaran da aka ba iyalai riƙo sun fi waɗanda aka bari a can girma da kaifin hankali, musamman waɗanda aka cire tun ba su cika shekara 2 ba. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyaye, inda ta ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da gidansu ba.

Wani dattijo a cikinmu ya tuna mana da Yakubu 1:27, ya ce kula da marayu umarni ne. Haka ne, Baba. Amma ayar ta ambaci marayu tare da gwauraye, kuma a wuraren da muka shiga sau da yawa a ɗaki ɗaya suke kwana. Shi ya sa kwamiti ke neman izininku a karkatar da kuɗin ginin zuwa tallafa wa matan da ke riƙe da yaran, da biyan kuɗin makarantarsu. Ba a taɓa kuɗin ba tukuna. Ma'aji zai karanta lissafi a taro.

Makarantar Lahadi ta canja salo. Malamanmu sun je da darasin Yusufu da 'yan'uwansa, suna ɗokin kaiwa wurin gafara. Yaran suka tsaya a rijiya, suna son a gaya musu ko Yusufu ya yi kuka a ciki, da abin da ya hana kowa zuwa ceto. Daga nan muka daina gaggawa. Yanzu ana karanta Zabura 13 da Littafin Makoki, ana barin yaro ya zana abin da ya gani idan bakinsa ya kasa faɗa. Wanda ke firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya girma, ba a tsawata masa. In abin ya fi ƙarfin malami, asibiti ake kai shi. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Mun yi kuskure ɗaya da ya kamata ku sani. Yaran da suka dawo daga hannun masu ɗauke da makamai mun ware su muka ba su jakunkuna da littattafai. Cikin mako guda jakar ta zama tambari, sauran yara na nuna su da yatsa, iyaye kuma na cewa ashe sai wanda ya riƙe bindiga ake saka wa. Ƙa'idojin Paris na 2007, waɗanda ƙasashe da dama suka amince da su kan yaran da aka shigar cikin rundunoni da ƙungiyoyin masu makamai, sun yi gargaɗi a kan haka: a ɗauki irin waɗannan yara a matsayin waɗanda aka zalunta, a kuma tallafa wa al'umma gaba ɗaya maimakon ware su. Da mun karanta tun farko da mun huta. Yanzu kowa a aji ake ba.

Ana yawan tambayar ko muna karɓar yaran da ba Kirista ba. Muna karɓa, da yardar iyayensu. Ba ma ɓoye ko mu su wane ne, amma ba a sa wa yaro sharaɗin shiga sujada kafin ya sami littafi ko magani.

Darasin nakiyoyi ya shiga kowane aji: kada a taɓa baƙon ƙarfe, kada a jefe shi da dutse, a gaya wa babba.

Inda muka gaza shi ne 'yan matan da suka dawo da goyo. Kaɗan ne ke zuwa aji, kunya da gorin mutane sun tsare sauran a gida, kuma malamanmu maza ne kusan duka. Muna roƙon zumuntar mata ta ba mu sunayen masu iya zuwa, ko na wata 3 ne, kafin ranar taro. A ranar kuma za a kaɗa ƙuri'a kan kuɗin ginin, don haka kowane reshe ya turo wakilinsa.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa