Wasiƙa zuwa ga ɗana: abin da John Jay ya yi da jama'arsa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, innarka ta shaida mini cewa tun da aka faɗi sakamakon zaɓen nan ba ka cin abincin kirki, kuma abokanka sai kiranka suke a fita titi. Na san takalman da ka cinye wajen bin gida-gida neman ƙuri'a, don haka ban raina baƙin cikinka ba. Amma ka zauna ka ji wani labari da na sha ba ɗalibaina lokacin ina riƙe da alli.

A 1792 aka yi zaɓen gwamna a jihar New York ta Amurka. George Clinton na kan kujerar tun 1777, sai John Jay, wanda a lokacin shi ne Alƙalin Alƙalan ƙasar, ya tsaya takara da shi. A zamanin ba kowa ke da ƙuri'ar zaɓen gwamna ba, sai namiji mai fili ko gida da ya kai fam 100. Babu mata, babu bayi. To, cikin waɗanda suka jefa ɗin, Jay suka fi so. Amma kwamitin majalisar jiha mai ƙirga ƙuri'u ya ce ba a bi ƙa'ida ba wajen kawo na gundumomi uku, Otsego da Tioga da Clinton. Na Otsego, inda Jay ke da rinjaye mai yawa, hujjarsu ita ce wa'adin jami'in da ke da alhakin aiko da su ya riga ya ƙare. Aka tuntuɓi sanatocin jihar biyu: Rufus King ya ce a ƙirga, Aaron Burr ya ce kada a ƙirga. Aka bi maganar Burr, aka ba Clinton nasara da ratar ƙuri'a 108 kacal.

Ka ga zalunci ƙiri-ƙiri, ko? Ni ma haka na gani. Lokacin Jay yana can yawon zaman kotu, da ya kamo hanyar gida jama'a suka riƙa tarbarsa gari-gari, zuciya na tafasa. Da ya ɗaga yatsa kawai, da an zubar da jini. Bai ce an kyauta masa ba, amma ya ja hankalinsu su natsu, su tsaya cikin doka. Wannan wurin nake so ka tsaya ka yi tunani, domin mutanen nan kansu suka miƙa masa, shi kuwa ya ƙi yin ciniki da su. A 1795 suka sake zaɓensa, ya hau kujerar, kuma a 1799 ya sa hannu kan dokar da ta fara kawar da bauta a jihar sannu a hankali. Kada ka ɗauke shi waliyyi, shi kansa ya mallaki bayi.

Saboda haka ka saurara da kyau me gwaninku zai ce muku cikin kwanakin nan. In ya ce a tattara takardun sakamakon rumfuna a tafi kotu, ka taimaka da iya ƙarfinka, na yarda. In kuwa ya ce ku fita titi, ka fara tambaya ko 'ya'yansa na cikin waɗanda za su fita. Ban yarda ka riƙe ko da dutse ba.

Ka zo gida ranar Juma'a mu yi magana baki da baki, ka taho da takardun rumfarku in gani. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka