Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohuwar Hanyar Masu Haƙar Kwal a Yammacin Fife

Kwamitin da jama'ar ƙauyenmu suka ɗora wa nauyin gyara tsohuwar hanyar masu haƙar kwal yana sanar da cewa aikin ya kammala, kuma an buɗe hanyar ga kowa. Ƙauyen yana yammacin gundumar Fife a ƙasar Sikotlan, yankin da kwal ya ciyar shekaru aru-aru har zuwa 2002, lokacin da ambaliya ta tilasta rufe mahaƙar Longannet, wadda ita ce ta ƙarshe cikin mahaƙai masu zurfi a ƙasar. Abin da aka nema daga gare mu shi ne hanyar ƙafa da za ta taso daga tsakiyar gari, ta bi layin dogon da a da ake jigilar kwal a kansa, ta ratsa kufan mahaƙar, ta komo ta gefen maƙabarta.

Mun fara da tsoffin taswirori na ƙarni na 19 waɗanda Babban Laburaren Sikotlan ya sanya a intanet, muka gwada su da abin da dattawa suka tuna, domin ciyawa da ƙaya sun riga sun cinye yawancin sawun. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003, wadda ta fara aiki a 2005, ta ba jama'a 'yancin bi ta mafi yawan filaye muddin sun kiyaye haƙƙin mai wuri, amma ba ta ba kowa izinin haƙa ko zuba tsakuwa a gonar wani ba. Saboda haka sai da muka zauna da manoman da layin ya ratsa filayensu, tare da jami'in majalisar gunduma mai kula da hanyoyin ƙafa, aka yi yarjejeniya a rubuce. Mun kuma sa aka binciki inda tsoffin ramukan haƙa suke, kuma a wuri guda an karkatar da hanyar domin ta kauce wa bakin wani rami da aka toshe tun da daɗewa.

Mafi yawan kuɗin da ƙarfin duk a kan aikin magudanar ruwa suka tafi. Wasu daga cikin jama'a sun so a fara da allunan bayani, tunda su ne ake gani a hoto, amma kwamitin ya tsaya a kan cewa a ƙasar da ruwan sama ba ya da lokaci, hanyar da ba ta da magudana ba za ta kai hunturu biyu ba. An yi saran itace kafin watan Maris, don kada a taɓa sheƙar tsuntsaye. Daga nan ɗan kwangila ya yashe lambatun da ke gefen layin, ya tarar da tsohon kwalbatin dutse na zamanin jirgin yana nan daram, laka ce kawai ta toshe shi. Aka wanke shi, aka bar shi yana aikinsa. An shimfiɗa ƙyallen da ke hana tsakuwa nutsewa cikin taɓo, aka zuba dakakken dutse, aka bi da garin baƙin dutse a sama, aka daddaɓe da inji, tare da ɗan tudu a tsakiya yadda ruwa zai gangara gefe da gefe.

Matakalan katako da ake tsallaka shinge da su duk an cire su, an sa ƙofofi masu rufe kansu waɗanda keken guragu da keken jarirai za su wuce, tumaki kuwa ba za su fita ba. Katangar duwatsu da ta zube kusa da maƙabarta 'yan sa-kai ne suka sake ɗora ta ba tare da siminti ba, kamar yadda aka gada, a ƙarƙashin wani magini da ya koya musu cewa kowane dutse sai ya hau kan biyu.

Allunan bayani sun zo daga ƙarshe, kuma a kansu aka fi doguwar muhawara. An amince allo na farko ya faɗi gaskiyar da mutane da yawa ba su sani ba, wato dokar 1606 ta ɗaure masu haƙar kwal na Sikotlan ga iyayen gidansu, ba su sami cikakken 'yanci ba sai 1799, kuma mata da 'yan mata sun ci gaba da dakon kwal a ƙarƙashin ƙasa har dokar 1842 ta hana. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 kuwa har yanzu mikinsa bai warke ba a wasu gidaje. Kwamitin ya ga bai dace a tsallake shi ba, sai aka rubuta shi da kalmomin waɗanda suka gani da idonsu, ba a kama sunan kowa ba, kuma an karanta musu rubutun kafin a kai shi wurin bugawa.

Muna godiya ga masu filaye, da ɗaliban firamare da suka zana taswirar da ke mashigar hanyar, da duk wanda ya ba da kuɗi ko ya riƙe shebur. Cikakken lissafin shiga da fita yana hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya rage shi ne benci biyu da za a kafa a kan tudun kufan mahaƙar, da kuma jadawalin yashe magudanai kowace kaka bayan ganye ya zube, wanda muke neman masu sa suna a kansa a taron gari mai zuwa.