Wasiƙa daga Suzhou a Kwanakin Saukar Raɓa

Suzhou, lardin Jiangsu, ƙasar Sin
26 ga Oktoba, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, na ga saƙonka inda kake tambaya ko gaskiya ne mutanen nan ba sa dasa ko da barkono sai sun duba taurari. Na jinkirta amsa ne domin in ba ka abin da idona ya gani a lambun wani dattijo maƙwabcina, wanda nake taya ban ruwa idan na dawo daga makaranta, kuma nake kira Yeye, wato Kaka, kamar yadda yaran unguwar suke kiransa.

Lissafin rana shi ke tafiyar da aikinsa. Sinawa sun raba shekara gida 24 gwargwadon tafiyar rana, kowane gida kimanin kwana 15, suna kiransu jieqi, kuma sunan kowanne yana faɗin abin da ake gani a gona. Akwai Jingzhe a farkon Maris, lokacin da tsawa ke tada ƙwarin da suka kwanta a ƙasa, akwai Qingming a 4 ko 5 ga Afrilu, wanda manoma ke cewa a gefensa ake shuka kankana da wake, ga kuma Shuangjiang, saukar daskararriyar raɓa, da muka shiga ranar 23 ga wannan wata. Hukumar UNESCO ta sanya wannan lissafi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Abin da ya fi burge ni shi ne Yeye ba ya bin kalandar ido rufe. Ya ce an tsara ta ne bisa yanayin yankin Rawayen Kogi da ke arewa, saboda haka a nan Suzhou raɓar ba ta daskarewa sai bayan makonni, shi ya sa kowace safiya yake shafa ganyen qingcai, wani kayan lambu da ake cin ganyensa, da bayan hannunsa kafin ya ce komai. Ya hana ni tsinkar ganyen yanzu, ya ce sai sanyi ya dake shi zai yi zaƙi, domin shukar kan tara sukari a jikinta don ta kare kanta daga daskarewa.

Shi kuwa feng shui, wato al'adar Sinawa ta zaɓar mazaunin gida da tsara shi, ma'anar kalmomin biyu iska da ruwa. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce gida ya jingina da tudu ta baya, ya fuskanci kudu, ruwa na gabansa. Sai da na yi hunturu ɗaya a nan na gane hikimar, domin iska mai ratsa ƙashi daga arewa take busowa, rana kuma tana yin ƙasa ta kudu, don haka ɗakin da ya ba arewa baya shi ke samun ɗumi. Yeye ya dasa gora a jikin katangar arewa, ya ajiye randar kifi a kudu, sannan daga ƙofa akwai wata gajerar katanga da ke hana mai wucewa hango cikin gida. Wasu na cewa miyagun iskoki ba sa iya lanƙwasa hanya, shi ya sa ake gina ta. Ni dai da na gan ta zauren gidanku na tuna, yadda baƙo ke karkatawa kafin ya isa tsakar gida.

Jiya na koma lambun Zhuozheng, wanda wani tsohon jami'in daular Ming mai suna Wang Xianchen ya fara ginawa wajen 1509. A watan Yuli na bar tafkinsa cike da wani irin bado mai manyan furanni, yanzu kuwa ganyayen sun bushe sun sunkuya a kan ruwa, kuma ba a share su ba. Ashe da gangan ne. A ɓangaren yamma akwai wata rumfa mai suna Liuting, wato tsaya ka saurara, inda ake zama domin jin ƙarar ruwan sama a kan busasshen ganyen. Na daɗe a wurin, aminina, ina tunanin mutanen da suka tanadar wa kowane lokaci na shekara mazauninsa a lambu guda, har da lokacin bushewa.

Inda muka saɓa da Yeye shi ne batun dabbobin shekara, domin a wurin Sinawa kowace shekara da dabbarta. Su 12 ne, daga ɓera har zuwa alade, ana haɗa su da itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, zagayen ya cika a shekara 60. Bana shekarar maciji ce, ta doki kuma za ta kama ranar 17 ga Fabrairun 2026. Da ya ji an haife ni a tsakiyar 1990, shi kuma a 1954, sai ya riƙe hannuna da murna ya ce dukanmu dawaki ne, amma ya gargaɗe ni cewa shekarar dabbar mutum takan zo da tsautsayi, don haka zai sa 'yarsa ta sayo mana jan zare mu ɗaura. Na gode masa ƙwarai, domin ƙauna ce ta sa shi, sannan na bayyana masa cewa a addininmu sanin gobe sai Allah, kuma ba ma ɗaura wani abu da nufin tsari irin wannan. Ya yi shiru kaɗan, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini butar ban ruwa, muka ci gaba da aiki. Bai sake ta da maganar ba.

Ina da roƙo guda. Na faɗa masa cewa malaman ƙasarmu ma suna ƙirga taurari 28, kowanne kimanin kwana 13, domin sanin lokacin shuka da nauyin damina, irin su Ɗarfa da Jabha da Baba ke ambata idan ruwa ya kankama, sai ya ce su ma Sinawa masaukan wata 28 gare su tun zamanin da, kuma yana son jin namu. Don Allah ka zauna da Baba ya jero maka su bi da bi, tare da aikin da ake yi a gona a ƙarƙashin kowanne, ka aiko mini kafin Dongzhi, ranar da dare ya fi tsawo, wajen 21 ga Disamba, domin a ranar ya gayyace ni cin abinci a gidansa.

Ka gaishe mini da Baba da Inna da mai ɗakinka da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga Suzhou