Ga ɗaliban da makin kimiyya ya tare wa hanyar karatun likita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da iyaye da ɗalibai a kan abin da ke maimaituwa a nan Maradi duk lokacin da sakamakon bakaloriya ya fito. Yaro ya samu bak ɗinsa ta seri D, an yi guɗa a gida, an kai dosiye fakilten kiwon lafiya, sunansa bai fito ba. In aka buɗe takardar makinsa sai a ga 7 cikin 20 a fizik da shimi, 8 a lissafi, falsafa da tarihi ne suka tallabe shi har ya kai 10. Daga nan shawara biyu ake ba shi: ko a ce ba rabonsa ba ne ya haƙura, ko a ce ya yi rajista a kowane sashe ya zauna baɗi ya sake gwadawa. Mu da muke koyar da waɗannan darussa ba mu yarda da ko ɗaya ba. Makin kimiyya yana gyaruwa, amma da sharaɗi biyu: a koma inda ginin ya tsage tun farko, kuma shekarar gyaran ta ƙare da sabuwar takarda mai ɗauke da sabon maki.

Sharaɗi na biyun shi ne iyaye suka fi mantawa. Kujerun likitanci kaɗan ne, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Dan Dicko Dankoulodo ta nan gida, ko a André Salifou ta Damagaram. Masu zaɓe ba su san yaro ba, ba su ga wahalar da ya sha ba, takarda ce a gabansu. Wanda ya koma baɗi da takardar bana ya koma da maki iri ɗaya, ga shekara ta ƙaru a kansa, ga sababbin masu bak da mansiyon, wato yabon maki mai kyau, sun shigo layi. Kuma sanarwar zaɓe da ta bursi sukan sa iyakar shekaru, don haka lokacin da aka ɓata a zaune yana da farashi.

Aikin farko shi ne a zauna da takardun maki na azuzuwa uku, sogon da piramiyar da tarminal, ba ta bak kaɗai ba. Abin da ake nema shi ne ranar da makin ya fara gangara. In yaro yana da 13 a sogon ya faɗo 7 a tarminal, sau da yawa matsalar ta tsarin aiki ce ko ta wani abu da ya faru a gida, gyaranta bai da wuya. In kuwa tun sogon yana yawo tsakanin 6 da 8, to babin tarminal ba shi ne ciwon ba. Irin wannan ɗalibin bai riƙe ma'anar mol, wato ma'aunin yawan sinadari a shimi, ba, bai iya juya mililita zuwa lita ba tare da shakka ba, in ya ga 10 da ƙaramin lamba a samanta sai gabansa ya faɗi. Ko a maimaita masa babin asid da baz sau goma zai sake faɗuwa, domin babin a kan waɗancan yake tsaye. Akwai kuma kashi na uku da ba a cika lura da su ba: waɗanda sun san darasin amma Faransancin tambayar ne ke kayar da su. An ce su kafa hujja, sai su kawo sakamako kawai. An ce su ciro amsa daga tambayar da ta gabata, sai su fara sabon lissafi daga tushe har lokaci ya ƙare. Hanyar gane su mai sauƙi ce: a karanta musu tambayar a bayyana ta da Hausa, in suka warware ta nan take, to maganinsu karatun tambayoyi ne, ba ƙarin darasin shimi ba.

Sai lissafin kowefisiyan, wanda ya kamata kowane ɗalibi ya yi da hannunsa. A ce darasi yana da kowefisiyan 5, wani yana da 2. Ƙarin maki uku a na farko ya ba ka 15, a na biyu ya ba ka 6. Amma ɗalibai da yawa sun fi ba da lokacinsu ga darasin da suke jin daɗinsa, su bar wanda ke ba su tsoro sai watan Afrilu. Mai neman likitanci kada ya sa 10 a gabansa. Ya nemi 12 ko 14 a jimilla, inda mansiyon yake, kuma kada ɗaya daga cikin lissafi, fizik da shimi, da SVT (ilimin halittu da na ƙasa) ya sauka ƙasa da 12.

Wasu iyayen suna tambaya, me ya haɗa likita da logaritim? Bari mu ba su amsa da aikin asibiti. Ruwan da ake ƙara wa majinyaci na kashi 0,9 cikin ɗari yana nufin giram 9 na gishiri a lita ɗaya. A raba da 58,5, nauyin mol ɗaya na gishirin, a samu milimol 154. Sukarin jini na giram 1,26 a lita, in aka raba da 180, shi ne milimol 7, iyakar da ake duba ciwon sukari da ita ga mai azumin gwaji. Wani ɗakin gwaji da giram yake rubutawa, wani da milimol, dole likita ya iya juya su. Yaro mai kilo 12 da za a ba parasetamol miligiram 15 a kowane kilo yana bukatar miligiram 180. In siron yana da miligiram 120 a mililita 5, mililita 7,5 ke nan. Wakafi ɗaya ya goce, an ba yaro ninki goma. A ma'aunin asid da ake kira pH, jinin mutum yana zaune tsakanin 7,35 da 7,45, kuma wanda bai gane cewa tazarar lamba ɗaya a pH ninki goma ce ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa 7,1 ke tayar da hankalin ma'aikata ba. Haka a SVT: mata da miji masu AS, wato masu ɗauke da gadon sikila, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kowane ciki daban, ba wai ɗa ɗaya cikin kowane huɗu ba. Duk wanda waɗannan lissafai biyar suka gagara a yau, ya san daga inda zai fara.

Ga yadda muke ganin a raba shekarar. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba a koma littattafan sogon da piramiyar ba tare da jin kunya ba: ma'auni da juya su, mol da ƙarfin narkakken ruwa, daidaita ikwasiyon, vekta, warware lissafi mai mataki na biyu. Janairu zuwa Maris babi-babin tarminal, kowane babi da atisaye aƙalla ashirin. Daga Afrilu sai tsofaffin jarrabawoyin bak, takarda guda cikakkiya a mako, da agogo a gaba, waya a wani ɗaki, littafi a rufe. Aikin da ke cin kai a yi shi bayan sallar asuba, awa biyu, domin zafin Afrilu da Mayu ba ya barin kowa ya yi tunani da rana, dare kuma ba a da tabbacin wuta.

Abin da ya fi ɓata wannan shiri shi ne karanta amsa kafin a gwada. Ɗalibi ya buɗe gyararren atisaye, ya bi layi-layi, ya ce na gane. Ya gane tafiyar wani ne, shi bai taka ba. Ƙa'idarmu ita ce minti ashirin na kokawa da tambaya kafin a leƙa amsa, sannan a rufe a sake yin ta daga farko, a kuma dawo mata bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. A ware kaye guda na kurakurai kawai, kowane kuskure da dalilinsa: rashin sanin darasi ne, ko rashin fahimtar tambaya, ko gaggawar lissafi. Bayan wata ɗaya kayen zai nuna inda ciwon yake fiye da kowane malami. Kuɗin kur ɗin yamma kuwa, in ɗalibai sittin ne a ɗaki malami yana rubutu suna kwafa, wannan lakkol ce ta biyu, gara ƴan uku ko huɗu da ke gyara wa juna takarda. Ga iyayen ƴan mata kuma muna da roƙo: yarinyar da ke kan murhu daga la'asar zuwa isha ba za ta yi takara da wanda aka ce masa je ka yi karatu ba. In da gaske ana son ta zama likita, a ɗauke mata aikin na wata tara.

Batun sabuwar takarda ya danganta da inda ɗalibi yake. Wanda bai samu bak ba, hanyarsa a buɗe take, ya maimaita tarminal a aji, ya fi masa zama kandida libir, domin mai karatu shi kaɗai a gida ba wanda ke gyara masa takarda. Wanda ya samu da ƙyar, kafin ya biya ko dala ya je ofishin bakaloriya ya tambaya ko an yarda ya sake zama, ya kuma je sikolaritin fakilten ya karanta sharuɗɗan bana da idonsa, kada ya dogara da abin da aka ce a WhatsApp. Wanda ya riga ya shiga fakilten kimiyya da fasaha ya yi rauni a shekarar farko, ya sani cewa a tsarin LMD na karatun jami'a zango ɗaya kiredi 30 ne, shekara 60, kuma makin wani darasi na iya rufe ramin wani har a wuce aji. Wucewar ba ta goge 6 ɗin shimi daga takarda. In akwai damar zaman jarrabawa ta biyu a darasin, ya zauna da shiri. Kada kuma kowa ya ɗauka cewa shiga wani sashe, ko makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, gada ce da ke kaiwa likitanci kai tsaye. Sana'o'i ne masu daraja da za a zaɓa don kansu.

Masu duban Najeriya, tunda Katsina na nan kusa ta Ɗan Isa da Jibiya, su san cewa can ma kimiyyar ce ke jiransu: kiredit biyar, wato kyakkyawan maki a jarrabawar gama sakandare, a Ingilishi, lissafi, fizik, shimi da ilimin halittu, sannan jarrabawar shiga jami'a ta JAMB mai maki 400, kuma komai da Ingilishi. Duk makarantar kuɗi da ta ce za ta ɗauki yaro likitanci ba tare da ta dubi makinsa ba, a nan ko a waje, a tambaye ta shaidar amincewar hukuma a rubuce, a kuma tambayi ƙungiyar likitoci ta ƙasa ko tana rajistar masu digirinta, tun kafin a sayar da gona. Karatun nan a Nijar ba ya kasa shekara bakwai.

Muna kuma roƙonka, Malam Edita, da zarar fakiltocin sun fitar da sanarwar karɓar dosiye, ka buga sharuɗɗan da ranakun rufewa da Hausa, domin yawancin masu biyan kuɗin karatun nan ba sa karanta Faransanci.

Mun gode.

Wasu malaman lissafi, shimi da SVT,
Maradi